Man Kaɗe a Ƙafar Safiya

Mabera, daren Laraba.

Yau muka kai jikata Safiya asibiti a auna tafiyarta, a ga ko tsokar ƙafarta da ta shanye tana motsi. Kakarta ta mulke ta da man kaɗe, wai jikarta ba ta fita furu-furu. Duk wayar na'urar awo da likita ta manna mata a ƙafa sai ta zame! Sai da aka nemo sabulu.

Da ta fara takawa, layi ya riƙa tsalle a allon kwamfuta. Likita ta ce, "Baba, tsokar nan da ranta, motsa ta kawai za a riƙa yi."

Safiya ta ce, "Tsoho, shirya, gobe tsere."

Shekara da shekaru ina cewa babu abin da ke aiki a ƙasar nan. Yau ƙafar Safiya ta ƙaryata ni. Alhamdulillahi.