Bututun da zai bi ta ɗakin Auta

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya ba ku lafiya mai amfani. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago, yarana kuma an koma makaranta, kunnena ya huta. Inna ce dai hankalinta ba a kwance yake ba, shi ya sa na zauna rubuta maka, tunda a waya kullum sauri kake, ranka ya daɗe.

Ka san an haƙa layinmu an shimfiɗa babban bututun da ke kwashe ruwan ƙazanta. To, hukumar gari ta kafa doka: duk gidan da bututun ya wuce ta ƙofarsa dole ya jona bayan gidansa da shi, ya cike tsohuwar shadda kafin ƙarshen wata. Wanda ya ƙi a yanke masa ruwan famfo, in ya ci gaba da taurin kai a garƙame gidan. Ba wasa suke ba, Auta, da idona na ga kwaɗon da suka sa wa gidan tela.

Duba-gari ya zo da mai aikin famfo suka auna gidan Inna. Bututu sai da gangara, bayan gidanmu kuwa yana can ƙurya. Ta dama rijiyar Baba ce, doka ta hana bututun ƙazanta kusantar rijiya. Ta hagu gidan maƙwabci ne, an hana ratsa gidan wani ko da ya yarda. Hanya ɗaya ta rage, ta ƙarƙashin ɗakinka. Sai an fitar da gado, an fasa daɓen daga bango har bakin ƙofa, a bar murfin dubawa a tsakiya, kuma sun ce ba a kwana a ɗakin da yake da murfin. Ya zama ɗakin ajiya ke nan.

Inna na jin haka ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta, inda yake tun ranar da ka tafi. Ka san kuwa har yau duk mako sai ta share ɗakin, ta kaɗe katifa, ta mayar da takalmanka inda ka bar su? Na lallaɓa, na yi faɗa, har kuka na yi. Kawu ya sa baki, ta ce ya je ya fasa nasa. Duba-gari, bawan Allah, har durƙusawa ya yi yana mata bayani, ya ce ba shi da ikon ɗaga doka. Ta ce ya yanke ruwan, ta sha na rijiya tun ba a haife shi ba. Da wannan ciwon bayan nata za ta ja guga? Ni kuma gidana ba kusa ba.

Jiya ina taje mata kai ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce, "In na bari aka fasa, na yarda ke nan ba zai dawo ba." Wallahi sai da hannuna ya tsaya.

Ba na jin haushin zamanka can, a can Allah ya ajiye abincinka. Haushina "baɗi in sha Allah" ɗin nan da kake mata kowace shekara, ita kuma ta riƙe shi hannu biyu, ga shi zai ja a rufe mata gida. Ba za ta ba ni makullin ba, ba za ta ba Kawu ba. In zuwa za ka yi, ka zo kafin wata ya ƙare ka buɗe da hannunka. In ba za ka zo ba, ka kira ta ka faɗa mata gaskiya. Zan zauna kusa da ita in ta ajiye wayar.

Ka gaishe min da ƙanwata matarka, ka shafa min kan takwarar Inna. Kawu da maigidana suna gaishe ka. Inna ba ta san abin da na rubuta ba, amma da ta gan ni da biro ta ce in kai ne, in gaya maka ɗakinka yana nan yadda ka bar shi.

Ni ce yayarka, wadda ta goya ka.