Haƙorin Sama

Madarunfa, ran Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Bangaskiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki, yaya Katsina? Mu nan sai godiya. Innarka tana gaishe ka.

Na rubuto ne don bakina ya ƙi magana a waya. Haƙorin nan na sama ne dai. Kuncina ya kumbura har idon hagu ya fara shigewa. Kanumfari na sa, kanwa na sa, har garin tabar da Inna ta ba ni na danna a ramin, ni Febi! Ko gezau.

Na ji saƙonka cewa in bi maganar Inna. Ta kafe a kan jijiyar haƙorin sama haɗe take da ido, wanda aka cire wa sai ya makance, wai haka aka yi wa wani kawunta a Gabi. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Tela ba ido, ai ta tashi daga aiki. To amma yanzun ma wane ɗinki nake? Ankon zumuntar mata na Kirsimeti yana nan jibge, in na sunkuya kan keke sai in ji kamar ana buga mini ƙusa a ka.

Tun da muka yi aure ban taɓa tsallake maganarka ba. Wannan karon ka yi haƙuri. Gobe zan je Maraɗi a cire shi. Ka yi fushin in ka ga dama, amma ka haɗa da addu'a.

Matarka,
Febi

Madarunfa, ran Asabar

Baban Bangaskiya,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki.

An cire. Abin da ba ka sani ba, da Inna muka tafi. Ina fita ƙofa na tarar ta riga ni ɗaura gyale, fuska a murtuke. Ta ce tunda na ƙi ji, dole a samu mai ja mini hannu in an dawo. Na kusa kuka.

Lokotoron, wato likitar haƙorin, mace ce, mai sanyin hannu. Na tambaye ta zancen ido, ta ce jijiyarsu ba ɗaya ba ce, barin ruɓar ma shi ne abin tsoro. Duk da haka da ta yi mini allura na rufe ido gam. Na ji ƙaras a cikin kaina, aka cusa auduga, aka ce in tashi. Na daɗe ban buɗe ba. Da na buɗe, sai ga Inna a bakin ƙofa tana kaɗa mini hannu, tana gwada ko ina gani.

Ba ta yarda ba sai jiya, da kumburin ya saɓe. Ta miƙo allura da baƙin zare, na zura a gabanta. Can ta kori Bangaskiya waje, ta buɗe baki ta nuna mini nata na sama, baƙi ƙirin, ya ruɓe har dasashi. Ashe tun kana goye take tauna da gefe guda, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran Litinin zan kai ta. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake.

Ubangiji ya kiyaye mana kai.

Matarka,
Febi