Romon da Baba Bai Taɓa Sha Ba

Litinin, 6 ga Maris

Baba ya sake ƙin abincin gida. Na sauko da shi shagon taliyar Madam Liao da ke ƙasan benenmu, ko hayaniyar mutane za ta buɗe masa ciki. Na sa aka kawo masa taliyar riɗi da awara, abin da ya fi so tun muna ƙauye a Yunlin. Ya ɗauki tsinkayen cin abinci, ya juya su, ya ajiye. Likita ya ce ramar ta yi yawa, in aka ci gaba a haka sai an sa masa robar abinci ta hanci. Mantuwar ma ƙaruwa take yi. Yau da sunan Mama ya yi ta kirana, ita da ta daɗe a ƙasa.

Alhamis, 9 ga Maris

Wani direban tasi ya zauna kusa da mu da kwanon taliyar naman shanu, romo ja wur, tururi na tashi. Baba ya kafe kwanon da ido, ya nuna da yatsa. "Wancan nake so." Na ce ba namu ba ne. Madam Liao ta leƙo daga bayan tukunya ta ce, "Baffa, ku manoma ai ba kwa taɓa wannan, ko an sake doka ne ban ji ba?" Ita ta yi dariya, ni gabana ne ya faɗi.

Tun da aka haifi Baba naman sa bai taɓa shiga bakinsa ba. Cewa yake wanda ya ja maka garma ya fi ƙarfin tukunyarka. Da sanmu na huɗa ya tsufa mahauta suka zo tayi, Baba ya kora su har bakin hanya. Da ya mutu a gefen gonar shinkafa ya binne shi, ya kunna masa turare. Mu ma a haka aka rene mu. Ni har yau in zan wuce tukunyar Madam Liao sai na riƙe numfashi.

Asabar, 11 ga Maris

Kunun shinkafa kaɗan, shi ma da magiya.

Laraba, 15 ga Maris

Na kira Yaya Wen-hsiung a Kaohsiung na gaya masa. Ya ce, "Kada ki kuskura, Bi-yun. Ba ya cikin hayyacinsa, mu ne za mu riƙe masa alkawarinsa." Na ce to ya zo ya ba shi alkawarin a baki, mu ga ko zai ƙoshi. Ya kashe waya. Daga nesa kowa ɗa nagari ne.

Sai dai maganarsa ta tsaya mini a rai. Baban da na sani, da zai ga na ajiye masa kwanon nan, ba zai sake kallona ba. Tsoro nake ji, ta kowane ɓangare.

Lahadi, 19 ga Maris

Wandon Baba ya zame a tsakiyar shago, a gaban mutane. Babu ƙugun da zai riƙe shi. Ina gyara masa, Madam Liao ta matso ta yi ƙasa da murya. "'Yar uwa, ni taliya nake sayarwa, ba wa'azi ba. Amma tsohon nan yunwa yake ji."



Talata, 21 ga Maris

Na yi. Bakina ya kasa faɗa, taliyar naman shanu na nuna wa Madam Liao da yatsa a allon abinci. Ta zaɓo masa tsoka mai laushi.

Ya cinye taliyar tas, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon, goshinsa har da gumi. Rabon da in ga haka tun kafin sabuwar shekara. Ya goge baki, ya dube ni da idon nan nasa na da, ya ce, "Bi-yun, kin ba san nan ruwa kuwa? Ya sha rana yau."

Na ce na ba shi, Baba.

"Yawwa. Kada a bar shi da ƙishi. Shi ke ciyar da mu."

Madam Liao ta juya ta fuskanci tukunyarta. Ni kuma na shiga banɗakin shagon na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Mama.

Juma'a, 31 ga Maris

Likita ya ce a jingine maganar roba, jikin ya fara dawowa. Yaya ya ce turaren da ya kunna a haikali ne ya yi aiki. Na ce haka ne.

Madam Liao ta daina tambayar me za a kawo mana. Romon da zafi yake zuwa, Baba kuma ba ya haƙurin jira, shi ya sa ni nake fara kurɓa kafin in tura masa kwanon. Don in ji zafinsa ne kawai.