Jitar Yaya Gado da Kakin Luƙman

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Yaya Gado ya kawo jitarsa ta lantarki, mikiro ɗaya ya mutu. Shi ne ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana kama sauti: maganaɗisu da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi. Na ture ɗinkin mutane gefe, na ɗaura shi a keken ɗinkina na soma naɗi. Tun ina budurwa nake naɗa masa, kuma duk Dogon Dutsi babu hannun da ya kai nawa. Na faɗa, littafina ne.

Alhamis, 7 Nuwamba

Luƙman mai gyaran ampili, na'urar ƙara sauti, ya leƙo shago. Shi ma yana naɗi, a Yamai ya koya. Nasa a matse yake, layi kan layi, da yawa, ya auna da na'ura, sannan ya tsoma cikin narkakken kakin zuma don kada waya ta motsa. Sautinsa kauri da ƙarfi, amma kamar mai magana da tuwo a baki. Nawa sako-sako ne, yatsana ke jan wayar inda ta so, ba kaki ko ɗigo. Shi ya sa jitar Yaya ke kuka kamar gurmin Babanmu.

Wai: "Anti Hannatu, naki na da daɗi, amma in anka ɗaga ampili hito shikai."

Na ce Yaya bai taɓa kawo mini ƙara ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya hau babur ɗinsa.

Asabar, 9 Nuwamba

Na gama. Yaya ya gwada, ya ce, "Wanga shi na aiki!" Na tambaye shi ko yana son shayi har sau biyu, bai ko juyo ba. In yana riƙe da jita haka yake.

Juma'a, 15 Nuwamba

Kasuwa ta cika, na gaji liƙis. Gobe biki a Matankari. Sabbin bafil, wato lasifikoki, aka ɗauko, manya-manya. Kowa zai ji aikina.

Lahadi, 17 Nuwamba

Jiya ban iya rubutu ba.

Da la'asar aka soma. Waƙar farko lafiya lau, har wata tsohuwa ta tashi tana rawa. Sai Yaya ya miƙa hannu ya ƙara ampili. Ya sake ƙarawa. Jita ta ɗauki fito, siriri, mai huda kunne. Mata suka toshe kunnuwa da mayafi, jarirai suka fashe da kuka, mai kalangu yana ta yi masa alama. Shi ko Yaya ido rufe, yana murmushi, yana ta kiɗinsa.

Ba ya ji. Wallahi ba ya jin fiton.

Nan na tuna shayin. Na tuna yadda yake kallon bakina in ina magana. Samari a bayana suna dariya, ɗaya ya ce, "Tsohon ya ƙare." Uwar amarya ta ce a gabana da ta sani da kaset ta sa. Na ji kamar in nutse. Ba don aikina ba, don shi. Mutumin nan jita ce gonarsa, ita ce mutuncinsa. In labarin ya zaga Arewa, wa zai sake kiransa biki?

A mota ya ce mini, "Kin ga yadda munka tada su?" Na ce na gani.

Talata, 19 Nuwamba

Na ce wa Yaya akwai wayar da zan duba, ya bar mini jitar. Na je wurin Luƙman da mikiro a cikin jaka. Na shirya jin gori, bai yi ba. Ya ce tun bara ya lura da kunnen Yaya, ya rasa ta inda zai faɗa mini. Ya ɗora tukunyar kaki a wuta.

Ban bar shi ya tsoma ba. Ni na tsoma, na cire da wuri. Har yanzu ina nan kan bakana: kaki yana cin murya. Da na gwada, kukan gurmin ya ragu. Ni na ji. Fito kuma babu, ko an ƙure ampili.

Zancen likita sai na lallaɓa shi, ba yau ba.

Asabar, 23 Nuwamba

Biki a nan cikin gari. Yaya ya ƙure ampili kamar yadda na zata, babu wanda ya toshe kunne. An yi rawa har ƙura ta tashi, mutum biyu sun nemi lambarsa.

Da aka tashi ya dafa kafaɗata, da ƙarfi yake magana yanzu: "Hannatu, ki bar yaran ga da kakinsu. Naki ko a mahwalki nij ji shi, na san shi." Luƙman na tsaye kusa yana naɗe waya, bai ɗaga kai ba.

Na ce, "Haka ne, Yaya." Sai da na maimaita.

Na sayi ƙaramar tukunyar kaki, tana bayan keke, ƙarƙashin ƙyallaye. Ta Yaya ce kawai.