Sunana a Ƙarshen Littafin Malam Idi

Alhamis da dare, watan Safar, Gidan Rumji

Barci ya ƙi zuwa. Tun tafiyar Faransawa buro, wato ofishinmu, ke aika ni gidajen malamai, ina yi wa tsofaffin littattafansu kati saboda ɗakin karatun masu bincike na Yamai. Ban taɓa jin abin da na ji yau ba.

Da hantsi na gama da littafin Malam Idi, wanda ya gada. Na ba littafin lamba, na sa sunana a shafin ƙarshe yadda aka koya mana. Na tarar da sunaye bakwai a jere, sai na rubuta nawa ƙarƙashinsu.

Malam ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Ɗana, nan ba a sa sunan mai rai. Sai mutum ya rasu magajinsa ke rubuta shi. Gurbina ka shiga."

Na ce bari in kankare da reza. Ya ce ba a taɓa kankarewa ba.

Bayan la'asar ya buɗe shafin kamar yadda ya saba kowace Alhamis, yana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana roƙa musu rahama. Da ya iso kan nawa, bai tsallake ba.

Kuma da bakina na ce amin.