Kin Ce Daji Ba Ya Cin Yaro

Inna,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kwanciyarki hutawa ce. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma sai dai in karanta miki, kina tsinkar zogale kina gyara mini magana. Amma abin ya cika mini ciki, kuma duk wanda na fara faɗa wa sai ya tare ni da haƙuri.

Ga labarin gida. Mun baro ƙauye, muna Madarumfa a gidan Kawu Idi, mu duka a ɗaki guda. Tabki ya cika bana, kifi ya yi araha. Rumbunki kuwa an ƙone shi. Jikarki, 'yar farina da kika karɓa tun ranar yaye, ba ta tare da mu.

Kin tuna tatsuniyoyinki? A bakinki duk yarinyar da aka kora daji take nufa. Tsamiya ta buɗe ciki ta ɓoye ta, kurciya ta kawo mata ruwa, gada ta nuna mata hanya. Kin ce a daji kakanninmu suka tsira lokacin yaƙi, kuma daji ba ya cin yaro. Kin koya mana mu ƙulla ciyawa a bakinsa, mu gai da masu wurin kafin mu shiga. Da liman ya yi miki magana, kika ce ai kin musulunta, amma ba ku yi faɗa da daji ba. Ni na girma na tafi lakwal, makarantar boko, na bar abin a matsayin tatsuniya. Jikarki kuwa a cinyarki ta tashi, duk abin da kika faɗa gaskiya ne a wurinta.

Bayan rasuwarki 'yan bindiga suka zo, da la'asar, maza duk suna kasuwa. A kan moto, wato babura, suka shigo. Kowa ya san daga dajin suke fitowa, can suke kwana, can suke kai waɗanda suka kama. Sai kowa ya yi arewa, wajen babbar hanya. Ita tana rijiya. Ina goye da ƙaninta na hango ta ta jefar da guga ta yi kudu.

Inna, ta tsaya a bakin dajin. Ana harbi, ta sunkuya ta ƙulla ciyawa, yadda kika koya mata, sannan ta shiga.

Na yi kira. Wallahi na yi kira har muryata ta dishe. Amma sunanta bai fito ba. Ta yaya zai fito? Tun da na haife ta ban taɓa furta shi ba. Ke kika ce mace mai kunya ba ta kiran sunan 'yar fari, in na daɗe ina kallonta ma sai ki mintsine ni. Sai na ji bakina yana ta kiran ke yarinya, ke yarinya, a wurin da yara mata suka fi a ƙirga suna gudu. Ba ta waiwayo ba.

Jandarma sun shiga dajin sun fito, ba su gan ta ba. Waɗanda aka kama wa 'yan uwa ana kiran su a waya, suna jin muryar nasu ko da cikin kuka ne. Mu ba wanda ya kira.

An ce ba a fushi da mamaci. To ni ina fushi da ke, Inna, kuma na gaji da ɓoyewa. Ba ki ga dajin ya canza ba? A shekarunki na ƙarshe ko masu saran itace sun daina nisa, kina ji ana faɗa. Me ya hana ki ce mata wancan dajin ya mutu tare da kakanni? Kin ba ta wurin gudu, ni kuma kin ɗaure mini baki. Tsakanin koyarwarki biyu ta ɓace.

Sunanta Rabi. Yanzu ina faɗinsa a bakin turmi, ina faɗinsa a kasuwar Ɗan Issa duk lokacin da na ga bayan yarinya mai tsawonta. Mata suna kallona suna taɓa juna. Su taɓa.

In ba ta iso wurinki ba, ki roƙa mini Allah ya dawo da ita. In kuwa ta iso, ki riƙe ta da kyau, ki faɗa mata na kira. Amma don Allah kada ki ƙara yi mata tatsuniya.

Ki huta lafiya. Ni dai ban huta ba.

'Yarki,
Uwar Rabi