Akwatuna Arba'in da Uku a Takardar Lissafi

Rikoto, Zuru
Litinin

Yaya Abdulrashid,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Kausar da yara. Ya aikin gona, ya ƙafar da ka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana nan lafiya, tana gaishe ku.

To gaisuwa ta ƙare. Sau tara na kira ka yau, wayarka ba ta shiga. Ban san abin da ya kai mai ilimin kwamfuta ya tare a gona bayan Kanya ba, inda sai ya hau tudu kafin a ji muryarsa. Shi ya sa na yago takarda na ba Maharazu direba ya kawo maka hannu da hannu.

Manhajar rubuta lissafi da ka saka mini a kwamfuta lokacin sallah ta kunyata ni. Ka tuna bakin da ka cika a tsakar gida, wai ko jami'a da ita suke aiki? Wata uku ina amfani da ita a ɗakina ba ta taɓa yi mini gardama ba. Da ƙarfinta na tsaya gaban shugaban makarantarmu na karɓi aikin shirya jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, aikin da Malam Dawuda, shugaban sashenmu, ya shekara goma sha ɗaya yana yi da biro.

Yau na kai kwamfutata ofishin shugaban makaranta, don a can doka ta ce a rubuta tambayoyi. Turancin tambaya yana fitowa tsaf. Inda fomula za ta zauna kuwa, sai wani ɗan akwati fanko mai jan gefe. Na ce zai saki, na ci gaba da bugawa har na gama tambaya sittin. Akwati arba'in da uku na ƙirga, Yaya, suna kallona kamar tagogin gidan da ba a tare ba.

Na kashe na kunna sau huɗu. Na goge fomula na sake bugawa a hankali. Na buɗo aikin aji na watan jiya da na san lafiya yake, shi ma duk ya koma akwatuna. Glory, mai buga takardun makaranta, ta ce zafi ne ya yi wa kwamfutar yawa, ta juyo mata fanka. Mu muka sha gumi, ita ta sha iska, ba abin da ya canza.

Juma'a da safe za a kai takardar fotokwafi, Litinin yara ɗari da goma sha biyu za su zauna. Kai ka saka abin nan, kai za ka faɗa mini ciwonsa. Ka ba Maharazu amsa gobe, kuma kada ka fara mini da tambayar ko na danna wani abu.

Ƙanwarka da ranta ya ɓaci,
Farida

Rikoto, Zuru
Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da masarar da ka aiko, Inna ta ce a yi maka godiya. Ina fatan kowa lafiya.

Na karanta takardarka sau uku, kowane karatu sai na fi na baya jin haushi. Ashe manhajar nan ba ta iya zana fomula da kanta, sai ta leƙa intanet ta ɗauko abin zanen, kuma a gida tana aiki ne don kullum wayata na haɗe da kwamfutar. Kai ka san haka tun ranar farko! Ka zauna ka cinye tuwon Inna malmala biyu, ba ka ga ya dace ka faɗa mini wannan magana guda ɗaya ba. Sannan har da rubuta mini wai abu ne mai sauƙi, in haɗa ta da waya minti biyar in sauko da ɗan ƙarin da zai sa ta yi aiki ba intanet.

Mai sauƙi a gonarka. Tun da tambayoyi suka fita kafin ranar jarrabawa shekara biyu da suka wuce, ba mai shiga ofishin nan da waya ko filashi a makon jarrabawa. A teburin Glory ake ajiye su. Kwamfutata ma tun Litinin take kwana a kabad ɗin shugaba, makullin yana aljihunsa. Na bi shi har gindin mangwaro ina roƙo. Na ce ya riƙe wayar da hannunsa, ya kira shaidu, ya tsaya a kaina. Ya ce shi bai san abin da ke shiga da fita ta iska ba, kuma in tambaya ɗaya ta fita, sunana zai rubuta. Na so in gaya masa magana, na tuna sa'an Baba ne, na haɗiye.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da na nemi aikin nan, a taron malamai ne. Na ɗaga takardar bara ta Malam Dawuda sama, na nuna wa kowa yadda ƙaramin biyun da ke kafaɗar x ya koma kamar bakwai, yara rabin aji suka faɗi tambayar. Na ce zamanin rubutun kaza ya wuce. Aka yi dariya, har da masu buga tebur. Shi kuwa ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

Yanzu duk ɗakin malamai sun ji labarin akwatuna. In na shigo sai hira ta mutu. Gobe zan buga takardar yadda take, in cike gurbin nan arba'in da uku da biro, ni da bakina da ya ce zamanin ya wuce. Kuma doka ta ce sai shugaban sashe ya duba ya sa hannu kafin a kai fotokwafi. Ka san ko wane ne.

Kada ka aiko mini da haƙuri, ba shi nake bukata ba.

Farida

Rikoto, Zuru
Asabar

Yayana,

Da fatan kun wuni lafiya, kai da iyali. Inna ta ce ka daina sa takalmin roba a ƙafar nan.

Takarda ta tafi, yara za su zauna jibi. Alhamis na wuni ina cike akwatunan da baƙin biro da rula, na lalata kwafi uku kafin na huɗu ya yi kyau. Bayan la'asar Malam Dawuda ya shigo dubawa. Na riga na shirya amsar duk baƙar maganar da zai yaɓa mini, har na matsu ya fara.

Bai fara ba. Ya zauna, ya ɗauki shafin farko ya kai shi dab da hancinsa, ya matsar da shi baya, ya karkata wajen taga. Ya daɗe a haka. Da shugaba ya fita alwala, sai ya ajiye takardar ya ce in karanta masa da baki, fomula bayan fomula. Ina karantawa yana rufe da ido. A tambaya ta goma sha huɗu ya tsayar da ni, ya ce in sake. Alamar ragewa na sa inda ya kamata in sa ta tarawa, kuma da an buga haka, ba amsa ɗaya cikin huɗun da za ta yi daidai. Da kunne ya kama, Yaya. Ni da idona biyu na wuce ta sau biyar.

Da ya zo sa hannu, sai da na ɗora masa yatsa a kan layin. A nan ya faɗa mini, murya ƙasa, cewa shekara uku ke nan ƙananan lambobi suna ɓace masa, tabarau ya daina taimako, kuma saura shekara biyu ya yi ritaya. Yana tsoron in aka sani a cire shi daga aji a kai shi tsaron sito. Ya tambaye ni ko gaskiya ne na'urar nan tana iya ƙara girman rubutu, ko zan koya masa in ta warke. Bai ambaci taron malamai ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka ka tsira. Ina fushi da shugaba da makullinsa. Amma wanda ya fi ci mini rai ba na iya aika masa takarda, don da shi nake kwana nake tashi, wato ni kaina. Mutumin da idonsa ke tafiya na ɗaga wa takarda a gaban mutum talatin.

Jibi za a sako mini kwamfutar. Ka rubuto mini dalla-dalla yadda ake sauko da ƙarin nan, da yadda ake sa fomula ta cika fuskar kwamfuta, manya-manya. Ka rubuta yadda dattijo zai iya haddacewa in an karanta masa. Maganar idonsa kuma ta tsaya tsakanina da kai, ko Anti Kausar kada ta ji. Laraba bayan an tashi zai zo darasin farko, ya ce in rufe ƙofa.

Ƙanwarka,
Farida